Goron Kawu a idon tauraro: littafin aikin awon kabon

Litinin, 18 Nuwamba 2024

Yau Malam ya sa hannu a tsarin aikina, bayan gyara har sau uku. Abin da zan yi shi ne in auna kabon da ke ajiye a bishiyoyi da cikin ƙasar gonakin koko 24 tsakanin Juaben da Konongo a yankin Asante na Ghana, da wasu fuloti kaɗan a gefen dajin Bobiri, sannan in ɗora abin da hannuna ya auna a kan abin da taurarin ɗan'adam ke faɗa game da wuraren, in ga inda suka dace da inda suka saɓa. Gona ta farko ta Kawu ce, yayan Mma.

Da na iso Aboabo a cikin Kumasi na tarar da Mma tana fifita kurfoti, murhun gawayi. Ta ce, "To wai shi kabon ɗin nan da ya hana ki barci, mene ne shi?" Na ɗauko gawayi ɗaya daga buhu na sa mata a hannu. Na ce, Mma, ga shi nan. Bishiya tana shaƙar iskar kabon dayoksaid, ta gina itacenta da ita, kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Mai gawayi ya kore ruwa da hayaƙi, ya bar miki baƙin. Ke kuma kin hura shi, ya koma iska inda ya fito. Ta juya gawayin ta ce, "Ashe tun kafin a haife ki nake aikinki." Ta fi mutane da yawa saurin kama zancen.

Alhamis, 12 Disamba 2024

Mako uku ina tace hotuna. Sentinel-2 na hukumar sararin samaniyar Turai shi ne babban abokin aikina. Na farkonsu ya tashi a 2015, na biyu a 2017, kuma suna ratsa kanmu duk kwana biyar. Hotonsa a yanke yake gurbi-gurbi kamar na dara, kowane gurbi mita 10 ne tsawo da faɗi. Kyauta ake saukewa, sai kuɗin data. Landsat na Amurka gurbinsa ya fi girma, mita 30, amma shi ne dattijo, tun 1972 yake kallon duniya, don haka wurinsa ake zuwa tambayar yadda daji yake a da.

Matsalar Kumasi gajimare. Daga Afrilu zuwa Yuli sai ka buɗe hoto goma ba ka ga ƙasa ba, fari fat kamar an shanya auduga. Satumba da Oktoba ma haka. Ana jiran hunturu don sama ta washe, sai kuma hazo ya sauko ya dusashe launi. Abin da ya rage shi ne ɗinki: ka tsinci gurbi mai kyau daga hoton wannan rana, wani daga na wata rana, ka haɗa zane guda.

A makon jiya aka harba Sentinel-1C, mai rada. Na yi murna, domin tun da ɗan'uwansa 1B ya lalace a Disamba 2021 tauraro ɗaya ke ɗauke da aikin biyu. Rada ba ruwanta da gajimare ko dare, ita ke aika nata saƙon ta saurari dawowarsa.

Asabar, 18 Janairu 2025

Na kwana uku a ƙauyen su Kawu. Mun fara awo ni da abokan karatuna biyu da ƙaramin ɗan Kawu mai share mana hanya da adda.

Kawu ya zo yankin nan yana saurayi, ya yi shekaru yana aikin abusa, wato ka kula da gonar wani, a raba amfani uku ka ɗauki ɗaya. Daga baya ya samu abunu, aka raba biyu, har ya mallaki nasa yanki. Tonancinsa, wato yaren mutanen Asante, ya fi na wasu Tonawan birni. Gonarsa ba irin ta zamani ba ce da koko ke tsaye a rana tsirara. A samanta akwai wawa da ofram da rimi, wanda Tonawa ke kira onyina, ga lemo da fiya, ga kuma goro jere a gefen rafi. Goron nan shi ne abin alfaharinsa. Ya ce, "'Yata, goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fataken Gwanja ba koko suka biyo ba." Gaskiyarsa. Tun ana kai goron Asante kasuwar Salaga, ayari na kwasa zuwa Kano da Sakkwato, har rikicin Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, wasu suka gangaro kudu suka cika zangunan da muka tashi a ciki.

Awon kansa ba wuya, haƙuri yake ci. Mukan kafa turke, mu ɗauki lambar wurin da GPS, mu ja igiya mu kewaye fuloti. Kowace bishiya a auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum. Rimi da wawa kuma suna da fikafikai a gindi masu faɗi kamar bango, dole a hau tsani a auna daga samansu, in ba haka ba sai a ba bishiya nauyin da ba nata ba. Tsayi kuma da na'urar hange ake ɗauka, a ja da baya har a ga ƙololuwa, abin da ke da wuyar samu cikin rumfar koko.

Da daddare na yi lissafin babban wawan da ke tsakiyar gonar. Tef ya nuna kewayensa santimita 251, wato kaurinsa 80, tsayinsa kusan mita 35. Na sa shi a ma'aunin da Chave da abokan aikinsa suka fitar a 2014 don bishiyoyin ƙasashe masu zafi, wanda ke haɗa kauri da tsayi da nauyin irin itacen. Ya ba ni busasshen itace kusan tan 3.8. A ninka da 0.47, kabon ya kama tan 1.8. In aka ƙone shi ko ya ruɓe, kowane tan na kabon yana zama tan 3.67 na kabon dayoksaid, wato kusan tan 6.5 daga bishiya ɗaya. Na auna bishiyar koko da ke ƙarƙashinsa, kauri 12, ta ba ni wajen kilo 20. Na sake lissafin don ban yarda ba. Idan an shuka koko mita uku-uku, hekta tana cin bishiya 1,111. Ke nan wawa shida irin wannan sun kai nauyin kokon hekta guda cur. Tun daren nan na san inda aikina zai karkata: kabon gonar koko yana wuyan manyan bishiyoyin inuwa ne.

Sunan bishiya ma ba abin wasa ba ne. Wawa itace ne marar nauyi, mita kubik na busasshensa bai kai kilo 400 ba, odum kuwa ya haura 600. Su biyun za su iya yin kauri ɗaya da tsayi ɗaya, daga sama laimarsu ta yi kama, amma ajiyarsu ba ɗaya ba. Kafintocin Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, sun san wannan da kafaɗarsu. Ni Kawu ne ke gaya mini sunaye, daga ɓawo da ƙamshin sara yake ganewa.

Laraba, 5 Fabrairu 2025

Gona 9 sun kammala. Kwarkwasa ta kore mu daga fuloti ɗaya, sai washegari muka koma. Wani manomi ya hana mu shiga, ya ɗauka masu katako ne suka turo mu ƙirga bishiyoyi. Ban ga laifinsa ba. Kawu zai je ya yi masa bayani ranar Juma'a bayan masallaci.

Lahadi, 23 Fabrairu 2025

Manomin ya yarda, kuma a bakinsa da na Kawu na ji abin da babu tauraron da zai nuna mini.

A gonarsa na ga ofram biyu a tsaye sun bushe, an zagaye ɓawonsu da adda. Na tambaya, ya yi shiru, Kawu ya amsa a madadinsa. A dokar ƙasar nan, tun dokar 1962, bishiyar katako da ta tsiro da kanta ba ta manomi ba ce ko da a tsakiyar gonarsa take, tana hannun gwamnati a madadin sarautun gargajiya. Ana iya ba mai katako izinin sare ta. Kawu ya ce shekarun baya an sare wani odum a gonar da yake abusa, ya faɗo ya murƙushe koko, aka ja gungumen ta cikin gona, abin da aka ba su diyya bai kai kuɗin irin da suka sake shukawa ba. "To ki gaya mini, 'yata, wa zai raini abin da zai zo ya kashe masa gona?" Shi ya sa wasu ke kashe bishiyar tun tana ƙarama.

Gyaran doka na 2002 ya ce wadda mutum ya shuka da hannunsa tasa ce, ana kuma ƙarfafa manoma su yi wa bishiyoyinsu rajista. Amma wawan Kawu ba shuka shi aka yi ba, barinsa aka yi ya girma, shekara da shekaru ana share masa gindi. A ganina wannan ma noma ne, kuma ya kamata doka ta gan shi haka. Raina ya ɓaci a hanyar dawowa. Ina ƙirga tan-tan na kabon a jikin bishiyar da mai rainonta ba shi da iko da ita.

Alhamis, 20 Maris 2025

Azumi ya yi nisa, ruwan farko ya sauka, mun bar gona mun koma ɗakin gwaji da ƙasa.

Ƙasa ita ce ɓangaren da mutane ke mantawa, alhali ƙasar duniya zuwa zurfin mita ɗaya tana riƙe da kabon da ya fi na iska da na tsirrai in an haɗa su. A kowane fuloti mun haƙa hawa uku, daga sama zuwa santimita 10, zuwa 20, zuwa 30. Mun kuma buga zoben ƙarfe don sanin nauyin ƙasar a yadda take kwance, a busar da ita a zafin digiri 105 a auna. Sauran a shanya a inuwa, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Aikin ya yi kama da na garin tuwo, har mai kula da ɗakin gwajin ta ce hannuna ya saba. Daga nan sai gwajin Walkley da Black, tsohuwar hanya tun 1934: a zuba sinadari mai ruwan lemo da asid, kabon ya ci abin da zai ci, a auna ragowar. Ba ya kama kabon duka, don haka ake ninka sakamakon da kusan 1.3.

Ga yadda lissafin yake. Hekta guda zuwa zurfin santimita 30, in kowace mita kubik ta ƙasar tana da nauyin tan 1.3, tan 3,900 ke nan na ƙasa. A ce kabon kashi 1.5 ne cikin ɗari, ya zama tan 58.5. Ba a ganinsa, ana takawa a wuce.

Tun kafin sakamako ya fito ido ya gaya mini wani abu. Ƙasar ƙarƙashin goro da wawa baƙa ce mai laushi, ganye ya ruɓe ya zama taki, tana ƙamshin damina. Ta gonar da aka sare inuwarta ja ce mai tauri. A nan tauraro ba shi da ta cewa kai tsaye, domin ganye ya rufe ƙasar, bai taɓa ganinta ba. Taswirar ƙasa ta duniya da na sauke, SoilGrids, gurbinta mita 250 ne, hasashe ne daga ruwan sama da tudu da kwari da launin ciyayi da samfuran da aka taɓa haƙa a wasu wurare. Gonar Kawu da ta maƙwabcinsa mai jar ƙasa sun faɗa gurbi ɗaya, lamba ɗaya aka ba su.

Talata, 29 Afrilu 2025

Yau muka taru a gaban kwamfutar Malam muka kalli tashin Biomass daga Kourou a Kudancin Amurka. Tauraro ne da aka ƙera musamman don awon itacen daji. Radarsa tana da zango, wato tsawon igiyar saƙon da take aikawa, kusan santimita 70, da faifai kamar laima mai faɗin mita 12. Ta Sentinel-1 zangonta bai kai santimita 6 ba, ganye da ƙananan rassa ke mayar da ita, shi ya sa da daji ya ɗan yi kauri sai ta ƙoshi, ta kasa bambanta mai yawa da mai yawan gaske. Dogon zango kuwa yana ratsa ganye ya taɓa gangar jiki da manyan rassa, inda nauyin yake.

Malam ya ce kada in sa rai da bayanansa a wannan aikin, sai an gama daidaita shi, kuma gurbinsa zai fi gonar Kawu girma. Duk da haka na ji daɗi har cikin raina. Dazuzzukanmu na cikin waɗanda aka yi shi dominsu.

Juma'a, 23 Mayu 2025

Na buɗe hotunan kogin Offin don gwada wata dabara, na 2017 da na bana, na ajiye su gefe da gefe. Inda kore yake a da, yanzu ramuka ne jere, ruwan cikinsu kalar kunun kanwa. Galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ba ya buƙatar lissafi mai zurfi, yaro ma zai nuna shi a hoto. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne baƙar ƙasar sama da na yi wata guda ina tankaɗewa cokali-cokali, ita ce farkon abin da katafila ke turewa. Na rufe kwamfutar na fita waje.

Litinin, 30 Yuni 2025

Makonnin nan su ne zuciyar aikin, kuma su suka fi ba ni wahala.

Na fara da GEDI, na'urar leza ta NASA da aka kai tashar sararin samaniya a Disamba 2018. Tana harba haske ƙasa, ta auna lokacin da ya dawo daga kan bishiya da lokacin da ya dawo daga ƙasa, bambancin shi ne tsayi. Sai dai ba shara take yi ba, ɗigo take yi kamar sawun kaza: kowane sawu faɗin mita 25, tsakaninsa da na gaba mita 60, tsakanin layi da layi mita 600. Cikin gonakina kaɗan ne sawun ya taka. Kuma wurin da aka ce ya taka yana iya gocewa da mita goma, wanda a gonar koko ya isa ya sa wawa ya shiga ko ya fita. Dabarar ita ce a koya wa kwamfuta alaƙar tsayin da GEDI ya auna da launin Sentinel-2 da amon rada, ta cike guraben da ba a taka ba, sannan in gwada amsarta da tef ɗina.

Inda gona ba ta da inuwa, ni da tauraro bakinmu ɗaya. A gefen Bobiri ya rage wa dajin nauyi, kamar yadda aka saba gani in itace ya yi yawa. A gonaki irin na Kawu ne ya fi ruɗewa. Wani gurbin ya kira shi daji, na kusa da shi ya kira shi koko zalla, ya zubar da goron gaba ɗaya, domin laimar goro ba ta fi ta koko tsayi sosai ba kuma korensu ya yi kusa.

Wannan kuskure yana da nauyi a wuyan mutane. Ma'anar daji a Ghana ita ce fili hekta guda mai bishiyoyi tsayin mita 5 da rumfar ganye kashi 15 cikin ɗari, kuma tsohuwar gonar koko mai inuwa tana iya cika waɗannan daga sama. Dokar Tarayyar Turai ta ce ba za a shigar da kokon da aka noma a dajin da aka sare bayan 31 Disamba 2020 kasuwarta ba, kuma da lambar GPS da hoton tauraro za a duba. A ce taswira ta rubuta gonar Kawu daji, shi kuma ya sare tsohon kokonsa da ciwon kumburin reshe ya kama don ya sake shuka, sai ya fito a hoto kamar mai cin daji. In kuma ta rubuta shi koko zalla, an shafe rainon shekara talatin. Ta kowane gefe wanda ya bar bishiya ne ke cutuwa, wanda ya share tasa tun tuni kuwa taswira ta gane shi sarai.

Na kai wa Malam. Na ce, Malam, ku duba, ina jin babin nan ya kamata ya zama babban babi. Ya daɗe yana kallo, ya ce in ƙara fuloti a gonaki masu goro, in raba su aji na kansu, in kuma gwada hotunan rani da na damina tare, tunda wawa da rimi suna zubar da ganye a rani, goro da koko ba sa yi.

Asabar, 2 Agusta 2025

Na je ƙauye da taswira a buge a takarda. Kawu ya shimfiɗa ta a tabarma, ya gane rafi da hanyar mota kafin in nuna masa, ya ɗora yatsa a kan wawansa. Maƙwabta suka taru, tambayarsu ɗaya: kuɗin kabon da ake faɗa a rediyo, yaushe zai iso?

Na gaya musu abin da na sani. A 2019 Ghana ta ƙulla yarjejeniya da asusun Bankin Duniya, za a biya har dala miliyan 50 in an rage tan miliyan 10 na hayaƙi a yankin koko. A Janairu 2023 aka biya kashin farko, dala miliyan 4.8 a kan tan 972,456, Ghana ta zama ta biyu a Afirka bayan Mozambik. Tan ɗaya dala 5 ke nan. Wani dattijo ya ce in yi masa lissafin wawan Kawu a wannan farashi. Na ce wajen dala 33. Aka yi shiru, domin kowa a wurin ya san abin da katakonsa zai yi a kasuwa. Na kuma faɗa musu ƙarara cewa ni ɗaliba ce, awona ba ya kawo ko sidi ɗaya, kada wani ya sa rai a kaina.

Kawu ya ce shi ba don kuɗi ya bar su ba, kokon da ke inuwa ya fi jure rani kuma ya fi daɗewa. Abin da yake so a wurina takarda ce mai sunan kowace bishiya da lambar wurinta da kaurinta, wadda zai riƙe a hannu ranar da wani ya zo da zarto. Na ce, Kawu, ba takardar hukuma ba ce, amma za ku samu, kuma zan bi ku ofishin gandun daji mu tambayi yadda rajista take. Manoma bakwai suka ce su ma a yi musu.

A makon nan Indiya da Amurka suka harba NISAR, mai rada da zangonta ya kai kusan santimita 24, zan duba ko za ta fi ganin goro in bayananta sun fito. Kafin nan akwai fuloti takwas da za a ƙara cikin ɗan ranin Agusta, kafin ruwan Satumba ya rufe hanyar rafi. Inna ta ɗaure mini goro a ganye in kai wa Mma. Jibi da asuba za mu fara da gonar dattijon da ya yi tambayar dala.